Shinkafa a ƙofar gida, tsada a tukunya: saye a hannun manomi zai fisshe ni?

"Assalamu alaikum, Baba malamin gona. Ni malamin firamare ne a Birnin Kebbi. Ina da mata da 'ya'ya shida, ga mahaifiyata a wurina. Albashi ba ya kai mu ashirin ga wata, kuma kusan duka a kan abinci yake ƙarewa. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, a jihar nan ake noma shinkafar da ake lodi har Legas, amma mu ba mu ga arahar ba. Abokan aikina suna ta cewa in daina awo a kasuwa in riƙa saye a hannun manoma, har wani ya ce in ci bashi in sayi na shekara guda a kaka. Da gaske akwai sauƙi a nan, ko zancen majalisa ne kawai?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya raya zuri'a. Tambayarka uku ce a dunƙule: me ya sa abin da muke nomawa bai yi mana araha ba, shin tsallake ɗan kasuwa zai rage maka kashe kuɗi, sannan ko ya dace ka ci bashi don ka tara abinci. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin malamin gona tsakanin fadamun Argungu, Augie da Suru. Yanzu na yi ritaya, ina noma 'yar gonata, ina kuma riƙe wa wata ƙungiyar manoma littafin shige da fice. Don haka na zauna a ɓangaren mai sayarwa, na zauna a na mai saye, kuma kowanne ya taɓa ƙona ni.

Amsar a taƙaice ita ce: akwai sauƙi, amma ba daga inda abokanka suke zato yake fitowa ba. Manomi ba zai rage maka wani abin kirki don ka je ƙofar gidansa ba. Sauƙin yana zuwa ne daga lokacin da ka saya, da siffar da ka sayi abin a cikinta, da yawan da ka saya. Kuma duk aikin da ɗan kasuwa yake yi maka ba ka sani ba, ranar da ka tsallake shi kai za ka ɗauka.

Dalilin da na gida bai yi araha ba

A da, shinkafar fadamarmu ta tuwon gida ce da 'yan kasuwannin ƙauye. Abin ya canza ne daga watan Nuwamban 2015, lokacin da Shugaba Buhari ya zo nan jihar ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoma rance, wanda aka fi sani da Anko Borowa. A ƙarshen 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice, haɗin gwiwar Kebbi da Legas. Ga kamfanin gyaran shinkafa na Labana a Birnin Kebbi, aka buɗe na WACOT a Argungu a 2017, ga na Kano da ke turo wakilansu. Sai kuma aka rufe iyakokin ƙasa na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Duk wannan ya mayar da samfarera, wato shinkafar da ba a cire wa buntu ba, wadda wasu ke kira shanshera, hajar da tireloli ke jira a bakin gona. Alheri ne ga manomi, ba na musu. Amma ma'anarsa a wurinka ita ce, in ka tsaya gaban manomin Suru kana tayi, ba kai kaɗai kake tayi ba. Kana takara ne da mai tirela, kuma manomin yana da waya a aljihu, ya ji yadda aka tashi a Jega da Dawanau kafin ya ɗinke bakin buhunsa.

Na biyu, kuɗin noman kansa. Mutanen gari suna mantawa cewa shinkafar rani da fetur ake shayar da ita. Manomi zai haƙa 'yar rijiyarsa a fadama, ya ɗora inji, ya riƙa ba da ruwa duk bayan 'yan kwanaki har kusan wata huɗu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Na ga manoman da suka rage gonarsu zuwa rabi, na ga waɗanda suka juya injinsu ya koma aiki da gas, masu hali suka sayi na sola. Kimanin mako biyu bayan janye tallafin aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Taki, maganin ciyawa, kayan gyaran inji, duk suka bi ta. Faɗuwar naira ta kuma sa mai riƙe da sefa daga Nijar ko Benin yana ganin hatsinmu kamar kyauta, kuma ka san Kamba da Gaya ta Nijar ba su da wani nisa.

Ka ƙara da tsaro. Ƙasar Zuru, musamman Danko-Wasagu da Sakaba, rumbun masara da dawa ce, haka maƙwabtanmu na Zamfara, amma gonaki da yawa na nesa da gari sun koma saura saboda 'yan bindiga. Ka ƙara da ambaliya irin ta 2020 da ta shanye shinkafar fadama tana dab da nuna. Shi ya sa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yunin 2024 farashin abinci ya ƙaru da kashi 40.87 cikin ɗari a kan na Yunin shekarar da ta gabata. Albashinka bai yi wannan tsallen ba. Ba rashin iya tattali ba ne ya same ka, kada ka ɗora wa matarka laifi.

Lissafin da ya kamata ka yi kafin ka hau mota

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya kwatanta kuɗin buhun samfarera da na buhun gyararriyar shinkafa, ya ce kai, rabin kuɗi ne. Ba abu ɗaya ba ne. Samfarera tana sanye da rigarta. In aka yi gumi aka kai inji, kilo 100 yakan ba da tsakanin 60 zuwa 65 na shinkafar ci, sauran buntu ne da dusa da ƙura. In shinkafar ba ta bushe daidai ba, ko ta sha rana fiye da kima, ko injin tsoho ne, a cikin abin da ya fita ma za ka tarar da karyayya da yawa.

Bari in ba ka misali da alƙaluman da na ƙirƙira don lissafi kawai, kai sai ka sa na ranar da za ka saya. A ce ka sayi buhu naira 40,000. Mota da dako 2,000. Mai gumi, da itacenta da ruwanta da wahalarta, 4,000. Inji 3,000. Ka kashe 49,000 ke nan. In buhun kilo 100 ne cif ya ba ka 62, kowane kilo ya tsaya maka wajen naira 790, wato buhu mai kilo 50 ya kama 39,500. To amma in buhun nan kilo 80 ne, kuma wallahi da yawa haka suke, abin da zai fita bai wuce kilo 50 ba, ka ga buhun ya koma 49,000. Kusan dubu goma ta tafi a kan abin da ido ba ya iya rabewa. Shi ya sa nake ce wa mutane kalmar "buhu" ba ma'auni ba ce. Akwai ƙaramin buhu, akwai babba, akwai wanda aka yi wa hula, akwai wanda aka ɗinke a wuya. Ko dai ku ɗora a sikeli, ko ku juye a tabarma a auna da kwano a gabanka, kuma da kwanon da kai ka zo da shi. Kwanon saye da kwanon sayarwa ba su cika zama ɗaya ba a kasuwanninmu, kowa ya san wannan, ba a dai faɗa ne.

Bayan ka fitar da kuɗin kilo ko na kwano, sai ka kwatanta da na 'yan awo a kasuwar Birnin Kebbi a wannan makon. In bambancin bai kai ɗaya bisa goma ba, ka zauna gida. Ranar aikin da ka ɓata, da haɗarin hanya, da tsakuwar da iyalinka za su yi ta regewa, sun cinye ribar. Ba na cikin masu zagin ɗan kasuwa a kan komai. Shi ya bi ƙauyuka ya tattara kwano biyar nan, goma can, shi ya biya la'adar dillali da kuɗin shingayen hanya, shi ya ɗauki asarar buhun da ya jiƙe, kuma shi ne zai ba ka bashin kwano biyu ranar ashirin da biyar ga wata. Akwai azzalumai a cikinsu masu algus da tauye mudu, amma aikin nasu aiki ne.

A shinkafa, shawarar da na fi ba ma'aikaci irinka ita ce kada ma ka sayi samfarera a karon farko. Nemi matan da ke sana'ar gumi. Kusan kowace unguwa a Argungu, Jega, Bunza da Kalgo akwai su. Suna sayen samfarera, su jiƙa, su turara, su shanya, su kai inji, su sayar da kwano. Su ma masu samarwa ne, kuma a hannunsu babu wasan nawa zai fita, abin da ka gani shi ka saya. Ka ɗebi kwano ɗaya a dafa a gida tukuna. In ta yi kyau, ba wari, ba tsakuwa da yawa, tana kumbura, sai ka yi maganar buhu. Haka man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a wurin masu matsa, haka daddawa, haka busasshen kifi in kana da wanda ka yarda da shi a Yawuri. Gero, dawa, masara da wake kuwa ba su da wannan rikicin. In an sussuka an sheƙe, abin da ka auna shi ne naka, kuma a nan ne saye daga ƙauye ya fi fitowa fili.

Lokaci, da maganar bashi

Kowane amfanin gona yana da watan da yake rusunawa. Gero yakan fara shigowa tun Satumba, dawa da wake da shinkafar damina daga Oktoba zuwa Disamba. Mu nan Allah ya ba mu kaka biyu a shinkafa, domin ta rani tana fitowa wajen Afrilu da Mayu, don haka babu dalilin da zai sa ka sayi shinkafar wata goma sha biyu a lokaci guda. Sayi ta wata shida, ka sake a kaka ta gaba. Albasar Aliero tana zubewa a ƙarshen sanyi zuwa bazara, ta yi tashin gwauron zabo a ƙarshen shekara. Tumatir da tattasai suna arha da sanyi, su gagara da farkon damina. Hatsi kuma ya fi tsada daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabo bai iso ba. Wanda ya saya a Nuwamba ya ci a Yuli, a yawancin shekaru ya ci riba.

Na ce yawancin shekaru, ban ce kullum ba, kuma nan ne zan taka wa abokin naka birki. A tsakiyar 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150. Da wannan da wasu dalilai, a 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka maimakon hawa. Ni da kaina na sayi masara a kakar 2024 na ajiye, ina jiran damina in sayar in sayi taki. Damina ta zo, kuɗin da ake tayawa bai kai wanda na saya ba. Ni da na yi shekara talatin ina koya wa mutane. Waɗanda suka ci bashi suka tara, wasu sai da suka sayar da dabbobinsu suka biya.

To ka ga bambanci. Wanda ya ajiye don ci, in farashi ya faɗi, abin da ya rasa kaɗan ne, abincinsa na nan, yaransa za su ci. Wanda ya ajiye da kuɗin bashi, ana yankar albashinsa kowane wata ko farashi ya hau ko ya sauka. In bashin mai ruwa ne, ban da abin da addini ya ce a kansa, ruwan kan cinye bambancin kaka da damina tas. Ban yarda ka ci irin wannan bashin don abinci ba. In ƙungiyar malamai ta wurin aikinku tana ba da rance marar ruwa, ko tana sayo hatsi a cire a albashi kaɗan-kaɗan, wannan wata magana ce, amma ko shi kada abin da za a riƙa cirewa ya wuce abin da dama kake kashewa a awo duk wata. Abin da ya fi shi ne adashi. Ku fara zubi tun Yuni, a tsara kwasa ta faɗo Nuwamba da Disamba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Watanda, da yadda ake zama da manomi

Kai kaɗai da kuɗin buhu biyu ba ka da bakin magana a kasuwa, kuma kuɗin mota zai cinye ka. Amma dabarar tana hannunmu tun kaka da kakanni. Yadda ake haɗa kuɗi a sayi sa a yi watanda da salla, haka za ku yi da hatsi. Mutum takwas ko goma a makarantarku, kowa ya faɗi abin da yake so, a tura mutum biyu, a ɗauko mota guda, a raba a gaban kowa da kwano guda. Na taimaka wa wasu ma'aikata suka yi haka shekaru da dama. Abin da ya kusa wargaza su ba farashi ba ne, rashin rubutu ne: wane ya ce ya ba da kaza, ma'aji ya ce ba haka ba. Ku sayi ɗan littafi. Kuma kada wanda ke riƙe kuɗi ya zama shi ne mai zuwa saye.

Kada ku ɗauki tsabar kuɗi ku nufi ƙauyen da ba ku sani ba don an ce can ya fi araha. A halin da ake ciki, akwai hanyoyin da ko kyauta ake rabawa ban ce ka bi ba. Ku tsaya kasuwannin da ke bakin titi, ku je da safe ku dawo da rana tsaka, ku biya ta waya ko ta masu POS. Mafi sauƙi ma, kusan kowane malami a Birnin Kebbi yana da ƙauyen da ya fito. A cikin ku goma ba za a rasa wanda ƙaninsa ko surukinsa ke noma a Dandi ko Arewa ko Maiyama ba. Shi zai tara, ya ɗora a mota, ku tarbe ta a tasha.

Akwai abu biyu da nake so ka kiyaye a mu'amala da manomi, kuma duka addini ya riga mu magana a kansu. Na farko, Annabi (SAW) ya hana a tare masu kawo kaya a hanya a saye kafin su isa kasuwa su san farashi. Kada arahar da kake nema ta zama ta jahiltar da wani ce. Ka biya shi kuɗin kasuwar ranar. Ribarsa ita ce bai biya mota da la'ada ba, ribarka ita ce ka samu mai kyau, cikakken awo, ba haɗi. Manomin da ka kyautata wa bana, baɗi shi zai kira ka kafin ya kira mai tirela, kuma zai ware maka na saman tsibi.

Na biyu shi ne biya tun kafin girbi. Manomi ya fi buƙatar kuɗi a Yuni da Yuli, lokacin taki da noma, kai kuma hatsi kake so a Nuwamba. Shari'a ta halatta a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, abin da malamai ke kira salam, da sharaɗin a san awo, a san nau'in kaya, a san ranar bayarwa, a kuma biya kuɗin duka a wurin ƙulla ciniki. Wannan daban yake da mummunan ba-da-kaka da muka sani, inda ake ba talaka buhun taki ɗaya a damina a karɓe masa buhunan shinkafa da suka ninka kuɗin. In za ka yi, ka sa farashin da kai ma ba za ka ji kunyar faɗarsa a masallaci ba, a rubuta, a sa shaidu, ka kuma tambayi malamin unguwarku sauran sharuɗɗan, domin fannin nasu ne. Sannan ka san haɗarinsa. A 2020 na ba wani manomi kuɗin buhu huɗu. Ruwa ya zo cikin dare ya shafe gonar, shi kansa a makarantar firamare ya kwana da iyalinsa. Me zan ce masa? Sai rani ya biya ni, na kuma sayi abincin wata shida a kasuwa da tsada. Kada ka sa fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin abincinka a irin wannan, kuma ka fi karkata ga gero da dawar tudu a kan shinkafar da ke bakin gulbi.

Ajiya: inda riba ke zubewa

Duk lissafin da muka yi a sama, ƙwaro ɗaya zai iya rushe shi. Hatsin kaka sau da yawa bai gama bushewa ba, nauyin ruwa za ka saya, sannan ya yi fumfuna a ɗaka. Ka ciza ƙwaya: in ta fashe da ƙara, ta bushe, in ta lotsa, da saura. Ko ka samu busasshiyar kwalba, ka zuba hatsi kamar sulusinta, ka ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza, ka bari jim kaɗan ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. Masara da gyaɗar da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta, don haka ko an karya maka farashi kada ka karɓa.

Wake shi ne sarkin ɓaci. Wata biyu ya ishi ƙwari su mayar da buhu gari. Maganinsa mafi aminci shi ne hana su iska. Akwai buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Ka duba ledojin ba huda, ka matse iskar, ka ɗaure kowacce daban. Ƙwarin da ke ciki za su mutu da kansu, ba tare da ɗigon magani ba. Jarkar da aka wanke ta bushe sarai ma tana yi, in ka cika ta har wuya ka toshe murfin da leda. Sharaɗin dai kada a riƙa buɗewa, don haka ka ware na cin wata guda daban. Ka ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, ka yi maganin ɓera, domin huda ɗaya ta ɓata aikin.

Ina roƙonka don Allah kada ka zuba maganin feshi irin su Sniper a abincin da yaranka za su ci. Irin wannan ganganci ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen wakenmu a 2015. Ƙwayar maganin ƙwarin nan kuma da ake jefawa cikin buhu tana fitar da iska mai kisa, ba a ajiye ta a ɗakin da mutum ke kwana ko wanda ke manne da shi. In gidan haya kake mai ɗaki biyu, ka tsaya a kan leda da jarka.

Akwai wani ɓeran kuma da ba a sa masa tarko. Buhu in yana jingine a ɗaka, hannu kan saki. Inda ake auna kwano ɗaya sai a auna ɗaya da rabi, maƙwabta su aiko, 'yan'uwa su ji labari. Ba na ce ka hana ba, wanda ya ci shi kaɗai shi kaɗai zai mutu. Amma ku zauna da uwargida ku san kwano nawa gidan ke ci a mako, a riƙa fitar da na mako ranar Juma'a, a ware na kyauta daban tun farko. Ita ta fi ka sanin lissafin nan, ka tambaye ta kafin ka tafi kasuwa, ba bayan ka dawo ba.

Abin da ke shiga tukunyar

Wani sauƙin ba a kasuwa yake ba. Gidaje da yawa a birni sun koma shinkafa da taliya rana da dare, har yara suna ganin tuwon dawa kamar horo. Alhali kwanon dawa ko gero yakan fi na shinkafa sauƙin kuɗi, kuma ya fi riƙe ciki. Tuwo da miyar kuka ko ta sure, dambu da zogale, fate, hoce, kunu da safe maimakon shayi da burodi, ɗanwake, ɗatun rama da ƙuli-ƙuli: iyayenmu da su suka yi noman da ya ciyar da mu. Waken suya kwano ɗaya in aka yi awara da shi a gida yana toshe gurbin naman da ya gagara. Da sanyi, in tumatir da tattasai sun zube, a sayi kwando a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, ba a gefen titi ba, haka kuɓewa. Albasa kuwa kada ka sayi buhu ka jibge a ɗaki, ruɓewa za ta yi. Ko ku raba buhu ku huɗu, ko a baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa a riƙa tsince wadda ta fara lalacewa.

Duk wannan da na faɗa yana aiki ne ga mai albashi irinka, wanda zai iya matse wani abu ya tara. Mai turin baro ko mai wankau da ke samun na yau ya ci yau, maganar kaka da buhu ba ta isa gare shi ba, kuma shi ya fi kowa sayen abinci da tsada domin da gwangwani yake awo. In akwai irinsu a maƙwabtanka, ku sa su cikin watandar ko da kwano biyar ne, a farashin da kuka sayo. Kuma dabarar gida ba za ta sauke kuɗin fetur ko ta buɗe gonakin da aka gudu aka bari ba, iyakarta ta rage maka raɗaɗi.

Bana ka fara da abu biyu kawai: buhun gero ko dawa guda, da rabin buhun wake a cikin leda, ta hannun ɗan'uwan ɗaya daga cikin abokan aikinka. Ka rubuta duk abin da ka kashe har kuɗin ɗan dako da na zaren ɗinki, ka rubuta ranar da aka buɗe buhun da ranar da ya ƙare, ka kuma riƙa rubuta kuɗin kwano a kasuwa duk farkon wata. In Allah ya kai mu Agusta, ka aiko mini da takardar mu duba tare, sannan mu yi maganar samfarera.